Rabi Wurin Alhaji, Rabi Wurin Malam

A duk makarantarmu ɗaki ɗaya ne ke da na'urar sanyi, kuma ba don mutum aka sa ta ba. Mata na zuba gumi a aji da la'asar, goyo na kuka a baya, shi kuwa wani akwatin ƙarfe yana can cikin sanyi yana gurnani, sai ka cire takalmi kafin ka shiga wurinsa. Saba ake ce masa. Ƙananan kwamfutocin ofis duk an ja musu waya zuwa gare shi, abin da muka buga a kansu cikinsa yake tafiya ya kwanta.

Makarantar manyan mata ce, nan kusa da Ƙofar Doka, ta waɗanda boko ya wuce su suna yara. Ni ma a can na fara riƙe fensir, bayan na yaye autana. Da fushi na yi karatun, don kullum ina tuna shekarun da aka cinye mini. Daga koyon baƙi na kai ga tafireta, aka ɗauke ni aiki a ofis, da kwamfutoci suka zo wajen ƙarshen mulkin soja aka zaunar da ni gaban ɗaya. Aikina in shigar da makin ɗalibai. Shigarwa kawai. Fitar da sakamako a buga shi a takarda kuwa sai mai babbar kalmar sirri, wadda ke buɗe injin gaba ɗaya. An yi haka ne don kada wani ya ƙara wa matarsa ko ƙanwarsa maki, kuma ban ga laifin wannan ba.

Inda laifin yake shi ne yadda aka ajiye kalmar. Shugabanmu tsohon ma'aikacin En'e ne, hukumar gargajiya ta da, ya tashi a ofisoshin da sef ke da makulli biyu a aljihun mutum biyu, ba ya buɗuwa sai dukansu sun hallara. Ranar da injiniyan da ya zo daga unguwar Kongo ya gama haɗa injin, Shugaba ya ce shi ma haka za a yi masa. Ya kira Alhaji, jami'in jarrabawa, ya ce ya buga rabin farko ba wanda ke kallo. Sannan ya kira Malam, mataimakinsa mai koyar da Larabci, ya ce ya buga rabin ƙarshe. Ina bakin ƙofa a tsaye, na ji injiniya yana cewa,

"Ranka ya daɗe, to kowa ya rubuta nasa a sa a ambulan a rufe a sef. Mutum kan manta."

Malam ya yi dariya har da gyara rawani. Ya ce, "Yaro, kan da ya ɗauki izu sittin ne zai kasa ɗaukar 'yan haruffa?"

Shugaba ya ce gaskiya ne, abin da aka rubuta shi ake sacewa. Kowa ya ce madalla. Injiniya ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, izu sittin ɗin nan Malam na bitarsu kullum safiya, kalmar kuwa sau ɗaya ake taɓa ta a shekara.

Ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, Yaya take ce mini. Ni na ja ta zuwa makarantar. Tun tana budurwa take bin kakarta karɓar haihuwa, hannunta na da sa'a, ba lungun da ba a aiko kiranta. Amma ta sha ganin macen da jini ya tsinke mata, ita kuma tana tsaye ba ta san abin yi ba sai salati. Shi ya sa ta ɗaura niyyar shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Makarantar na da iyakar shekarun da take karɓa, kuma wannan shekarar ce tata ta ƙarshe. Ta zauna jarrabawarmu ta kammalawa, ni na shigar da makinta da yatsuna, na san ta ci. Abin da ya rage a buga mata takardar sakamako ta haɗa da fom ta kai kafin ƙarshen wata.

A cikin wannan damina ne Alhaji da Malam suka ɓata. Gidajensu na gado suna jere a Limancin Kona. Alhaji ya cire soron gidansa ya buga kwano, ruwan kwanon ya riƙa zuba a gindin katangar Malam, ta jiƙa ta jiƙa har wata ranar ruwa ta zube. Ba wanda ya ji ciwo sai wani akurkin kaji. Suka daina gaisawa. Da lokacin fitar da sakamako ya yi, Alhaji ya shigo ɗakin sanyi ya cire takalmi ya zauna, aka aika kiran Malam. Ɗan aiken ya dawo ya ce Malam ya ce ya rantse ba zai haɗa hannu da Alhaji a kowane aiki ba sai an tayar masa da katanga.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san ba a ginin ƙasa da damina. Sai ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, a kwaɓa a yi tubali. Wato sakamakon mata sai rani ke nan.

Na ce da Shugaba, to Alhaji ya buga nasa ya fita, in ya yi nisa Malam ya shigo ya ƙarasa, ba sai sun ga juna ba. Aka kai wa Malam. Ya ce wannan ma haɗa hannu ne, ba a yi wa rantsuwa dabara. Na ce to takardun makin da malamai suka rubuta da hannu suna nan a kabad, a ba ni in buga a tafireta Shugaba ya sa hannu. Shugaba ya ce tunda aka kawo injin an rubuto daga sama cewa ba sakamakon da za a amince da shi sai wanda ya fito da lambar injin, shi ba zai sa hannu a abin da za a kira shi Kaduna a kai ba.

"To su matan fa, ranka ya daɗe?"

"Haƙuri za su yi, Hajiya. Ana kan sulhu."

Ana kan sulhu! Dattawan unguwa suka zauna, aka tashi ba a gama ba saboda ɗaya daga cikinsu ya tafi ta'aziyya. Aka sa wata rana, ruwa ya hana. Kullum da yamma maƙwabciyata na leƙo kai ta saman katanga ta ce, "Yaya, an buɗe?" Kullum in ce tukuna. Ta riga ta ɗauki hoto, ta cike fom, ta sa su a leda ƙarƙashin filo don kada danshi ya taɓa. Mijinta, wanda da ƙyar ya yarda tun farko, ya fara cewa ai dama ya faɗa.

Da na ga wata na neman rabawa sai na yafa mayafi na nufi Limancin Kona. Mazan ofis ba sa wuce zaure, ni mace ce, na yi sallama na shige ciki. Na tarar da uwargidan Malam tana tsintar shinkafa a faifai, ga katangar can an kare gurbinta da zana. Muka gaisa, na tambayi yara, na jajanta ɓarnar ruwa. Sannan na ce, Hajiya, ki taimaka ki yi wa Malam magana, akwai wadda rayuwarta ke rataye da takardar nan.

Ta ajiye faifan. Sai ta tura ƙaramar 'yarta ɗebo ruwa, ta matso ta rage murya.

"Ke 'yar'uwa, katanga ai ta taɓa faɗuwa, bai yi wannan rantsuwa ba. Abin ne ya ɓace masa."

"Wane abin?"

"Abin da ake bugawa ɗin. In ya idar da sallah sai ki gan shi yana taɓa gwiwa da yatsu, ya girgiza kai, ya sake. Har tambayata ya yi wai bara warhaka me ake ciki a gidan nan, ko zai tuna abin da ya sa. Don Allah kada ki ce daga bakina kika ji."

Na yi mata sallama na fito. Da ya ce na manta, wallahi ba wanda zai ga laifinsa. Ni da na zo boko da furfura na san mantuwa, na sha kunyarta gaban allo, 'yan matan da na haifi kamarsu na kallona. Ba ta kashe ni ba. Amma dattijo ya samu katanga ta faɗi sai ya ɓuya a bayanta, ya jawo sunan Allah ya rufa, ya bar mata suna zarya.

Ban koma gida ba, na hau bas zuwa Kongo. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ofishin injiniyan. Ya gane ni. Na ce masa in kalmar ta ɓata gaba ɗaya, shi ke nan makin ya mutu a ciki?

Ya ce, "Haba Hajiya, ina! Akwai faifan da nake sa masa ya tashi ta kansa, ba ta cikinsa ba. In ya tashi haka ba ya tambayar ko kai wane ne. Sai in je inda tsohuwar take in goge, a sa sabuwa. Makin ba abin da zai taɓa shi."

"Aikin kwana nawa ne?"

"Kafin shayi ya huce."

Na ce tashi mu tafi. Ya ce a'a, wannan fasa ƙofa ne, ko da gidan mai shi ne. Ba zai taɓa ba sai Shugaba ya rubuto masa izini. Ban ji haushinsa ba, gaskiyarsa ce. Da kowa zai iya kiransa ya zo ya buɗe, ai an gama da makin.

Na kai wa Shugaba maganar shi kaɗai a ofis, na rufe ƙofa. Ban ambaci uwargida ba. Na ce ina da yaƙinin Malam mantawa ya yi, ga kuma abin da injiniya ya ce. Abin da na gani a fuskarsa shi ya fi ƙona mini rai. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Hajiya, Malam malamina ne. A gidansu na yi karatun allo. In na kira wani daga waje ya fasa, me na ce wa gari ke nan?"

"Ka ce mutum ne, ya manta."

"Ba a faɗin haka a kan irinsu."

"Amma ana faɗa wa mace ta haƙura da makarantar da ba za ta sake samu ba."

Ya ce in bar masa, zai san yadda zai ɓullo wa abin ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Na fita ban ce na gode ba.

Yadda zai ɓullo ɗin ashe wani zaman sulhu ne, wannan karon a ofishinsa, da liman da mai unguwa. Aka ce in zauna a gefe in rubuta abin da aka tattauna. Alhaji, wanda shi har ga Allah ya ɗauka katangar ce, ya sauko ƙasa sosai. Ya ce zai sa bututu ya juya ruwan, zai tayar da katangar da bulo ko gobe, ba sai an jira rani ba. Liman ya ce alhamdu lillahi, ga shi rantsuwa ta samu mafita, in ma an ga dama ana iya yin kaffara a wuce wurin. Kowa ya juya ga Malam. Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce shi katangar ƙasa ya gada daga iyaye, ta ƙasa yake so.

Na ajiye biro.

"Allah ya gafarta Malam, ka manta ne. Ka faɗa mu huta."

Kowa ya juyo gare ni. Mai unguwa ya ce subhanallahi. Malam bai dube ni ba, Shugaba ya duba.

"Wannan ma'aikaciyarka ce?"

Na ce, "Ma'aikaciyarsa ce, kuma ɗalibarka ce, kai ka koya mini cewa wanda ya ce ban sani ba bai yi ƙarya ba. Ga ɗakin can, ga Alhaji ya yarda da komai. In ba ka manta ba tashi ka buga, in durƙusa in nemi gafararka gaban kowa."

Ya miƙe, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya yi wa liman sallama ya fita. Bai nufi ɗakin sanyi ba. Alhaji ya bi shi da kallo baki buɗe, sai a lokacin ya gane kwanakin da ya yi yana ba da haƙuri a kan me ya yi su.

Aka ce na yi rashin kunya. Aka kai ƙarata wurin mijina, shi kuma ya ce musu ai sun san wadda suka ɗauka aiki. Wasu har yau suna cewa bakina ne ya ja abin ya ƙara daɗewa, wai da na yi shiru da Shugaba ya lallaɓa ya kira injiniya a wannan makon, amma da na fasa ƙwan sai kiran ya zama kamar an gaskata mace a kan Malam. Ban karɓi wannan ba, ba kuma zan karɓa ba. Takarda da biro na kan teburin Shugaba tun ranar da na dawo daga Kongo. Layi biyu ne. Ba ni na riƙe masa hannu ba.

Sai da ƙura ta lafa a ganinsa sannan ya samo dabararsa. Wata safiya ya tara ma'aikata ya ce an gano injin ne ya samu matsala saboda yawan ɗauke wuta, ko an buga kalmar daidai ba zai karɓa ba, don haka an kira mai gyara. Kowa ya ce ayya, ashe injin ne. Masinja ma ya ce ayya.

Injiniya ya zo da faifansa a aljihun gaban riga. Ya cire takalmi, ya kashe injin, ya zura faifan, ya kunna. Wasu fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙin gilashi. Ya buga 'yan layuka, ya dakata, ya sake bugawa, ya zare faifan ya tayar da injin kamar kullum. Ya juyo ya ce a zo a sa sabuwa. Ina tsaye ina kallo, wallahi ko zama ban kai ga yi ba. Abin da aka hana mata ke nan.

Tunda kuwa an ce laifin inji ne, ba dalilin canza tsari. Aka kira Alhaji ya buga rabi, aka kira Malam ya buga rabi. Rantsuwar ba wanda ya sake tayar da ita, katangar kuma tana nan da zana. Malam ya wuce ta gabana yana gyara rawani kamar ba a taɓa yin komai ba.

Firinta ta fara ƙara. Na tsaya a kanta har takardar maƙwabciyata ta fito, na yage ta da kaina, na kai wa Shugaba na tsaya a kansa sai da ya sa hannu ya buga hatimi. A lokacin wata ya riga ya mutu, sabo ya kama. Na sani, ita ma ta sani. Duk da haka muka ce mu je, ko Allah zai sa a dace.

Muka hau mota washegari da safe, ledarta a ƙirji cikin mayafi. A tagar ofishin karɓar ɗalibai muka tarar da wata ma'aikaciya mai fararen kaya, ba ta da wulaƙanci, ta karɓi takardun ta duba ɗaya bayan ɗaya. Ta ce makin ya yi kyau ƙwarai. Ta ce amma an rufe, an tantance, har sunaye sun tafi sama. Na fara yi mata bayanin inji da kalma da katanga, na ji da kunnena yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaciya, na yi shiru. Ta ce mu dawo baɗi. Sai ta sake duba shekarar haihuwa a fom ɗin, ta ɗago ta dubi maƙwabciyata. Ta turo takardun ta ƙarƙashin taga a hankali.

A mota ni ce ke ta faɗa, ina zagin rawani da tabarau, har wani dattijo a kujerar gaba ya juyo ya ce Hajiya a yi haƙuri. Na ce masa kada ya sake ya ambata mini haƙuri. Ita kuwa maƙwabciyata hankalinta na kan ledarta. Ta buɗe ledar ta fito da takardar sakamakon tana bin layukan da yatsa, darasi bayan darasi, leɓenta na motsi. Da muka shigo ganuwa ta ce,

"Yaya, ashe har lissafin na ci."

Na ce kin ci.

Ta mayar da takardar ta ɗaure bakin ledar. Muka sauka, ta ce ba za ta shiga gida yanzu ba, akwai mai tsohon ciki a bayan masallaci da ta yi alkawarin dubawa tun jiya. Ta miƙo mini ledar ta ce in ajiye a wurina, ba ta so maigidan ya gani ya tambaya.